Kafin Ka Fasa Bakin Bututun

 Mahaifinka ya shaida mini ka kama aiki a wata masana'antar katifa, an kuma ɗora maka kula da lafiyar ma'aikata. Na yi murna ƙwarai, Allah ya sa albarka. Ya ce cikin kayan da aka damƙa maka akwai 'yar jaka mai famfon hannu da kwalayen bututun gilashi na auna iska, kuma kana ganin abin bai taka kara ya karya ba, tunda a jami'a ka saba da manyan na'urori masu allo. A kan jakar nan nake so mu yi magana, domin na daɗe ina rataya irinta, na san abin da take iyawa da inda ƙarfinta ya tsaya.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu. Lambar da za ka karanta a jikin gilashin nan ka rubuta a littafi, a kanta za a yanke shawara ko a gyara wurin ko a bar shi yadda yake. In ka rubuta ƙasa da gaskiya, ko da ba da gangan ba, mutane za su ci gaba da shaƙar abin da ke cin jikinsu hankalinsu kwance, don an ce musu an auna. Inda ba a taɓa aunawa ba, ma'aikata na tsoro, suna buɗe taga, suna fita su sha iska. Inda aka auna ba daidai ba kuwa, an cire musu tsoron an bar su da gubar.

Kada sauƙin kayan ya sa ka raina su. Dabarar ta haura shekara ɗari. A 1919 wasu Amurkawa biyu, Lamb da Hoover, suka yi rajistar hanyar gano iskar kabon monoksaid da sinadari mai sauya launi. A 1937 kamfanin Dräger na birnin Lubek a Jamus ya fitar da nasa bututun. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Farfesa Kitagawa na Japan ya inganta hanyar gane yawan guba daga tsawon rinin da ya bayyana, daga baya kamfanin Gastec ma ya shigo. Har yau ana aiki da su a matatun mai da jiragen ruwa da wuraren haƙar ma'adinai, saboda ba su buƙatar batir, ba ruwansu da ɗaukewar wuta, kuma amsa na fitowa nan take a gaban idon kowa.

Sai dai kafin ma'auni, ka san abin da kake aunawa. A wurinku, babban abin da zai dame ka cikin dangin sinadaran narkarwa masu kulorin shi ne metilin kuloraid, wanda ma'aikata ke ce wa MC. A da, da wani sinadari mai suna CFC-11 ake taimaka wa soson katifa ya kumbura. Da aka gano yana ɓata rufin ozon na sararin samaniya, aka ƙulla Yarjejeniyar Montiriyal a 1987, masana'antu da yawa, har da namu na Najeriya, suka koma MC saboda araha da sauƙin samu. An kare sararin sama, amma nauyin ya sauko kan huhun leburan da ke tsaye bakin akwatin zubi. Ka lura da kyau: MC ba ya zama cikin katifa. Aikinsa ya tafasa da zafin haɗin, ya hura soson, ya fice. Abin da aka auna aka zuba da safe, kafin a zo yankan soson ya koma iska, kuma iskar ɗakin ce ke fara karɓarsa.

A wajen digiri 40 yake tafasa. Ka san abin da ma'aunin zafi ke nunawa a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, balle a ƙarƙashin rufin kwano. Durom ɗin da aka bari a buɗe a irin wannan rana, tashi yake yi, ko ba wanda ya taɓa shi. Ga wani lissafi da za ka iya maimaitawa da kanka. Ɗaki mai tsawon mita 10, faɗin mita 10, tsayin mita 4, in aka rufe shi ruf, ƙasa da babban cokali biyu na ruwan MC ya isa ya kai iskarsa 25 ppm, wato kashi 25 cikin miliyan. Ku kuwa durom-durom kuke ƙararwa.

Ɓarnarsa a jiki hawa-hawa ce. Da farko kai ya yi nauyi, jiri ya zo, hannu ya daina kama abu daidai, kuma a wurin da ake aiki da injin yanka soso wannan kaɗai ya isa mutum ya rasa yatsu. Bayan haka hanta takan juya wani ɓangarensa ya zama kabon monoksaid, gubar nan ta hayaƙin janareto, ta hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, kuma hakan na ci gaba ko bayan mutum ya tashi aiki ya koma gida. Mai ciwon zuciya da mai juna biyu da mai shan taba sun fi kowa shiga haɗari. In tururin ya yi yawa a rufaffen wuri, mutum faɗuwa yake yi numfashi ya tsaya. Hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 cewa tsakanin 2000 da 2011 mutum 13 masu sana'ar sabunta bahon wanka sun mutu a bakin aiki, sanadin maganin kankare fenti mai MC da suka yi amfani da shi a ƙananan banɗakuna. Hukumar binciken cutar daji ta duniya, IARC, ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo cutar. Za ka ji tsofaffin ma'aikata na cewa, "Ai mu mun saba, da ya yi yawa za mu ji warinsa." Ka saurare su da ladabi, amma kada ka yarda. Kafin hanci ya ji MC, ya riga ya wuce iyaka nesa ba kusa ba, kuma hancin da ya daɗe a cikinsa gajiya yake yi ya daina ba da labari.

Iyakokin da za ka riƙa gwada lambarka da su ga su. Dokar hukumar OSHA ta Amurka ta 1997 ta sa 25 ppm a matsakaicin awa takwas, da 125 ppm a cikin minti 15, ta kuma ce daga 12.5 a fara sa ido da duba lafiyar ma'aikata. A 2024 hukumar kare muhallinsu ta hana yawancin ayyukan da ake yi da shi, 'yan kaɗan da aka bari ta sa musu 2 ppm. Ka ga inda ilimi ya dosa: duk sanda aka ƙara sani, ƙasa iyakar ke yi.

MC na da 'yan uwa da za ka haɗu da su wata rana. Akwai tirikuloro'etilin, TCE, da ake wanke maiƙo daga jikin ƙarafa da shi, wanda IARC ta tabbatar a 2012 cewa yana jawo cutar daji, musamman ta ƙoda. Akwai fakuloro'etilin na shagunan wankin tufafi ba da ruwa ba, wanda Faransa ta hana amfani da shi daga farkon 2022 a duk shagon da ke manne da inda mutane ke zaune ko aiki. Ƙungiyar ACGIH ta masana lafiyar wurin aiki ta ba da shawarar 10 ppm ga TCE, 25 ga na wankin tufafi. Duk abin da zan faɗa maka a nan ya shafe su.

Yanzu ɗauki bututu ɗaya daga kwali ka ɗaga shi wajen haske. Za ka ga garin da ke ciki ba iri ɗaya ba ne, hawa biyu ne ko fiye, a wasu nau'o'in ma bututu biyu ne ake haɗa su da 'yar roba. Dalili shi ne waɗannan sinadarai ba su da saurin haɗuwa da komai, ba za su rina gari da kansu ba. Don haka aka sa hawa na farko, mai ɗauke da sinadari mai ƙarfin ƙonawa, sau da yawa gishirin kuromiyom ko makamancinsa tare da asid, ya farfasa tururin ya saki kulorin ɗin da ke jikinsa, ko asid mai kulorin. Hawa na biyu shi ke kama abin da aka saki ya sauya launi, tsawon rinin kuma shi ne lambarka. Ma'ana, a yawancin irin waɗannan bututun ba MC ɗin kansa ake gani ba, tarkacensa ake gani.

In ka fahimci wannan, ka fahimci rabin aikin, domin daga nan duk raunin bututun ya samo asali. Ba ya bambance ɗan'uwa da ɗan'uwa. In akwai sinadari biyu masu kulorin a iska, duka za su iya rina shi, kowanne da nasa ƙarfin, kuma lambar da ta fito ba ta kowa ba ce. Iskar kulorin kanta, in tana kusa, tana iya sa ya nuna fiye da gaskiya. Wannan da sauƙi, domin kuskuren sama yakan sa a sake dubawa. Wanda nake tsoro shi ne kuskuren ƙasa. Tururin fetur da danginsa na iya cinye ƙarfin hawa na farko, sai tururin da kake nema ya wuce ba a farfasa shi duka ba, rini ya gajarce. Haka in zafi ko tsufa ya kashe wannan hawa. Bututun da ya mutu ba ya nuna alamar mutuwa a ido. Zai zauna fes a hannunka bayan ka gama zuƙa, kai kuma ka rubuta cewa iska lafiya lau. Shi ya sa aikinka na farko, kafin ka fasa ko ɗaya, shi ne ka zaga sito da littafi ka rubuta sunan kowane durom da kowane galan da ake buɗewa a wurin, har da gam da tina da abin da ake wanke kan injin haɗi da shi, sannan ka karanta takardar da ke cikin kwalin ka ga wanne ne ke rikita bututunka.

Takardar nan, ɗana, kada ka yar da ita. Ƙananan rubutu ne, kuma ko nau'i ɗaya kake saya kullum, ka karanta ta kowane sabon kwali, domin adadin zuƙa da gyaran lissafi na iya sauyawa.

Ajiya kuma ita ce inda ƙasarmu ke cin amanar kayan nan. An yi su ne don a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, kuma da yawa daga cikin na sinadarai masu kulorin sai a firji. Na taɓa shiga wata masana'anta na tarar da kwalayensu a kan kanta a sito mai rufin kwano, kusa da taga, rana na dukansu tun daga hantsi. Wa'adin da ke jikin kwali bai cika ba, littafinsu kuwa shafi bayan shafi babu abin da aka gani, alhali ma'aikatan ɗakin zubi na fama da ciwon kai kullum la'asar. Wa'adin da aka buga, wanda yawanci bai wuce shekara biyu zuwa uku ba, na kwalin da aka ajiye yadda ya kamata ne. Ka tambayi mai kawo muku kaya inda ya ajiye su kafin su iso. Kada ka bar jakar a cikin mota. In ka ciro daga firji, ka bari su huce su yi daidai da zafin ɗaki kafin ka yi aiki da su. Wanda wa'adinsa ya wuce, ko manaja ya ce kuɗi ne aka kashe, ka ajiye shi gefe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Famfon ma yana da haƙƙi a kanka. Zuƙa ɗaya cikakkiya mililita 100 ce, kuma duk ma'aunin da ke jikin gilashi a kan wannan aka gina shi. In famfo na yoyo, iskar da ta bi ta cikin bututun ba ta kai ba, lamba ta sake yin ƙasa. Kowace safiyar aiki ka sa masa bututun da ba a fasa ba, ka matsa ko ka ja, ka jira lokacin da takardarsa ta ce, ka ga ko ya riƙe. Kuma kada ka haɗa bututun wani kamfani da famfon wani. Ko da dukansu 100 suke ja, saurin jan ba ɗaya ba ne, kuma saurin na da tasiri a kan tsawon rinin.

Lokacin aunawa, ka fasa bakunan biyu da abin fasawar da aka tanada, ba da haƙori ko filaya ba. Akwai kibiya a jikin gilashin, ta nuna wajen famfo. Ka matsa har ƙarshe, ka saki, sannan ka tsaya. A nan ne yawancin matasa ke faɗuwa, domin iska na bi ta cikin garin a hankali, zuƙa ɗaya na iya cin minti ɗaya ko fiye, ga zafi, ga ƙarar inji, ga mutane na kallonka. Kada ka sake matsawa sai alamar cikar zuƙa ta bayyana. Ka ƙirga, in takarda ta ce goma to goma ne, ba takwas ba. Da ka gama ka karanta a lokacin da aka ce, kada ka zuba a aljihu sai ka koma ofis, domin launi na iya kodewa ko ya ci gaba da tafiya. Ka sa farar takarda a bayansa, ka riƙe sabon da ba a fasa ba a gefensa don idonka ya ga bambanci. In bakin rinin ya karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo, ka ɗauki tsakiya. In ya dushe a hankali ba shi da baki tsayayye, ka bi shi har inda idonka ya daina ganin sauyi. Bayan haka ka zuƙi iska mai tsabta da famfon sau da dama, don asid ɗin da ya shiga kada ya ci cikinsa.

Ka duba inda ma'aunin bututunka ya fara. Akwai na MC da lambarsa ta farko 100 ce, akwai mai farawa daga 20. In da na farkon ka auna bai nuna komai ba, ba ka san komai ba game da iyakar 25, domin iskar na iya ninka ta uku bututun na nan fari. Saboda haka kada ka taɓa rubuta "babu". Ka rubuta "ƙasa da 20" ko "ƙasa da 100", tare da nau'in bututun. Kuma ko komai ya tafi daidai, ma'aunin nan na kusa-kusa ne. Lokacin da hukumar NIOSH ta Amurka ke tantance irinsu a shekarun 1970, ta yarda da kuskuren da ya kai kashi 25 cikin 100 a daidai iyaka. Don haka 22 na iya zama 27. Lambar da ta kusanci iyaka, ka ɗauke ta kamar ta kai.

Sai gyaran yanayi. An daidaita bututun ne a digiri 20 da nauyin iska irin na bakin teku. Takarda za ta gaya maka zafin da bututun ke iya aiki a ciki da lambar da za ka ninka da ita, kuma rana tsaka a bazara na iya fin ƙarfinsa gaba ɗaya. Laimar damina da bushewar hunturu ma suna da nasu shafin. Tudu kuma na rage lamba, domin iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba. A Kano gyaran bai wuce kashi biyar zuwa shida cikin 100 ba. A Jos kuwa, mai tsayin sama da mita 1,200, ya kai kusan kashi 15, wanda ya karanta 22 a can a haƙiƙa 25 ya gani.

Duk wannan aikin hannu ne, mako biyu ya ishe ka ka ƙware. Abin da ya fi wuya, kuma inda ake gane mai gaskiya, shi ne zaɓen wuri da lokaci. Bututun na faɗa maka abin da ke daidai bakinsa ne a cikin 'yan mintunan da ka yi kana zuƙa, ba ƙari. Wanda ya leƙa kasuwa da sassafe ya ce ba kowa bai yi ƙarya ba, amma bai ga kasuwa ba. Haka mai aunawa da ƙarfe takwas na safe, a bakin ƙofa, kafin a fara zubi. Za ka sami lamba mai daɗin rubutawa, wadda ba ta da alaƙa da abin da ke shiga ƙirjin kowa.

Ka je inda mutum yake. Bakin bututun ya kasance kusa da hancinsa, bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, yana cikin aikinsa yadda ya saba yi. Ka nemi izininsa tukuna, ka gaya masa abin da kake yi, domin wasu na zaton ana neman laifinsu ne a kore su. Ka tsaya tare da mai awo lokacin da yake tsiyayo MC daga durom zuwa bokiti, kansa sunkuye a kan bakin. Ka tsaya bakin akwati lokacin da soso ya gama tashi, samansa ya fara fitar da ƙananan kumfa yana huci, domin a lokacin tururi ke fita da ƙarfinsa. Ka bi mai wanke tukunyar haɗi da tsumma. Ka shiga ɗakin da ake jera sabon soso ya huce, da safe kafin a buɗe ƙofofi, bayan ya kwana yana saki. Ka zo aikin dare. Ka zo a tsakiyar hunturu, sanda sanyi ya sa aka toshe tagogi da kwali. Ka auna lokacin da aka ɗauke wuta fankar zuƙe iska ta tsaya amma aiki bai tsaya ba. Ka auna ranar da ake yin soso mara nauyi, domin shi ya fi cin MC. Kuma ka sauko ƙasa, kusa da daɓe da cikin kwata, tunda tururin ya fi iska nauyi kusan ninki uku kuma kusa da inda yake fitowa ƙasa yake bi.

Ka sani kuma, zuƙar minti biyar ba ta ba ka matsakaicin awa takwas. Bututun gajeren lokaci ya ƙware ne wajen nuna inda yoyo yake da lokacin da tururi ke kai ƙololuwa. In kana son abin da mutum ya shaƙa daga shigarsa zuwa fitarsa, akwai irin da ake maƙala wa ma'aikaci a wuyan riga ya yini da shi, akwai kuma bututun gawayi da ake turawa ɗakin gwaje-gwaje. Idan lambobinka suka fara nuna akwai matsala, ka nemi a yi wannan. Sanin inda kayanka suka gaza ba kasawa ba ce.

Rami ko tanki ko duk wurin da iska ba ta zagawa, kada ka sa kanka ciki don ka auna. Akwai doguwar roba da aka yi don haka: bututun a can ƙarshenta a cikin ramin, famfon a hannunka kana waje. Kuma bututun MC ba zai gaya maka ko iskar numfashi ta ƙare a ciki ba, wannan awo ne dabam kuma shi ake fara yi. Ka kuma sa ido a kan masu walda. Tururin waɗannan sinadarai in ya haɗu da wuta ko jan ƙarfe, yakan rikiɗe ya ba da fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Muguntarta ita ce mutum na iya tashi aiki yana ɗan tari kawai, sai cikin dare huhu ya cika da ruwa. Ba walda, ba taba, ba risho a inda tururin yake. Haka TDI, sinadarin da ake haɗa soson kansa da shi, mai jawo asma ko da ɗan ƙanƙani ne, bututunka ba ya ganinsa sam. Nasa awon dabam ne, kada tsabtar lambar MC ta sa ka manta da shi.

Ka rubuta komai a littafi mai ɗinki, da biro: rana, lokaci, wuri, aikin da ake yi, nau'in bututu da lambar kwalinsa, adadin zuƙa, zafin ɗaki, ko fanka na aiki, ko taga a buɗe take. Ranar da ka kai lamba mai nauyi ofis, mai yiwuwa a ce maka, "Ka koma ka sake gwadawa da safe." Ka sake, ba laifi, amma ka rubuta duka biyun, kowacce da lokacinta. Kada ka goge ta farko. Ba sai ka ɗaga murya ba, kuma kada ka ɗauki mai masana'anta abokin gaba, domin yawancinsu rashin sani ne ke damunsu, ba mugunta ba. Ka je masa da lamba a hannu ɗaya, gyara a ɗaya hannun, kuma ka fara da mai araha: murfi a kan kowane durom, famfon tsiyaya maimakon karkata durom, fankar da za ta ja tururi daga bakin akwati zuwa waje ba wadda za ta watsa shi a fuskar mutane ba, ɗakin hucewar soso a ware shi da inda ake zama. Ka nuna masa MC ɗin da ke tashi a banza kuɗinsa ne. In ya so hujjar doka, Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da isasshiyar iska da fitar da tururi mai cutarwa daga wurin aiki. Bayan an yi gyara ka koma daidai wurin, daidai lokacin, ka sake aunawa a gabansa, ya ga rinin ya gajarce da idonsa.

Za a ce maka a sayo takunkumi a huta. Takunkumin ƙura ba ya tare tururi ko kaɗan. Ko mai gawayi ma MC na ratsa shi da wuri, kuma mai sanye da shi ba zai ji wari ya san ya ƙare ba, shi ya sa dokar OSHA ta ce inda ya wuce iyaka sai na'urar da ke kawo iska mai tsabta daga waje. Siririyar safar hannu ta roba ma yana ratsa ta cikin mintuna, ta riƙe shi a kan fata. Ka faɗi wannan a fili, don kada a sayi kwanciyar hankalin ƙarya.

Ma'aikacin da ka tsaya kusa da shi zai tambaye ka, "Malam, me ya nuna?" Ka nuna masa gilashin, ka gaya masa lambar da iyakar da ya kamata, cikin harshen da zai gane, ba tare da tsoratarwa ba kuma ba tare da ɓoyewa ba. Ƙirjinsa ne, yana da haƙƙin sani. Sau da yawa ma shi zai kai ka wurin da ba ka yi tunanin aunawa ba, domin ya san kusurwar da kansa ke sarawa in ya daɗe a cikinta.

Bututun da ka gama da shi, kada ka jefa a kwandon shara. Bakinsa fasasshen gilashi ne, cikinsa akwai asid da gishirin kuromiyom mai guba, kuma sharar masana'anta a bola take ƙarewa, inda yara da 'yan jari-bola ke tona ta da hannu. Ka sami gwangwani mai murfi ka rubuta masa suna, ka riƙa tara su a ciki tare da waɗanda wa'adinsu ya wuce, a fitar da su tare da sauran sharar sinadarai ta masana'antar.